Na raka maƙwabcina Bature makwancinsa a cikin daji

Sani_Leeds:
Assalamu alaikum. Kun ji ni shiru kwana biyu, rashi aka yi mana. Ba a gida ba, a nan Leeds. Maƙwabcina ne da muke bango ɗaya da shi shekara 11, wani dattijo Bature ɗan shekara 79, tsohon direban bas. Yarana Baban Lambu suke ce masa, saboda yana da ɗan fili da yake haya a hannun hukumar gari, can yake yini da tumatirinsa da wakensa. Matarsa ta daɗe da riga shi, 'yarsa ɗaya ce kuma tana nesa.

Shi ya kai matata asibiti da ƙarfe 3 na dare ranar da naƙudar autarmu ta tashi ina wurin aiki. Shekara uku a jere yana shuka mana kuɓewa a ɗakin gilashi tana ƙin yi, a ta huɗu ya shigo da guda bakwai a tafin hannu yana washe baki kamar ya ci gasa. Da azumi in an sha ruwa sai an kai masa ƙosai, in an makara ya ƙwanƙwasa bango. Makullin gidansa na hannuna, nawa na hannunsa. Da makullin nan na buɗe ranar da na ga har azahar bai ɗaga labule ba. Yana kan kujerarsa, rediyo na ta magana.

Sai da ya kwana 16 kafin a binne shi, saboda bincike da takardu. Ashe ya bar wasiyya kada a ƙona shi, kada a yi masa allurar hana ruɓewa, kada a sa masa dutse. Wani fili aka kai shi bayan gari, rabinsa kurmi rabinsa makiyaya, tumaki na kiwo ta bayan shinge. Ba akwatin katako, wani abu ne saƙaƙƙe kamar babban adudu, an naɗe shi a ciki da farin ƙyalle. Ba limamin coci, ba waƙa. Mu shida muka ɗauke shi a kafaɗa, 'yar ce ta roƙe ni in kama. Da igiya muka saukar, kowa ya ɗebi ƙasa da hannu ya zuba. Jama'a, sai na ji kamar a Gyaɗi-Gyaɗi nake tsaye ranar da muka kai mahaifina. Na yi kuka irin wanda ban yi tsammani ba.

Abu biyu ke damuna. Na ɗaya, na yi daidai da na je har na kama? Na biyu, bakina ya saba da abin da ake faɗa a bakin kabari, amma ranar na rasa abin da zan ce. Inna lillahi kawai nake maimaitawa.

Maman_Ihsan:
Allah sarki. Sannu Malam Sani, Allah ya ba ku haƙuri. Maganar kuɓewar nan ta sa ni hawaye wallahi. Yaya yaran suka ɗauki abin?

Dan_Dala:
To ai wannan binnewar Musulmi ce aka cire salla. Su yanzu suka gano?

Abu_Hanan:
Ɗan'uwa, Allah ya ba ka ladan kyautata maƙwabtaka. Amma gaskiya ɗaya ce. Aya ta 113 a Suratut Tauba a fili take, ba a nema wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara, ko da ɗan'uwa ne na jini. Kuma aya ta 84 ta yi maganar tsayuwa a kan kabari. Da ka tsaya a ta'aziyya a gida da ya fi maka kuɓuta. Sannan ko a magana, irin wannan cewa ake ya mutu, ba a cewa an yi rashi ko ya rasu.

Talatu_Wusasa:
Abu Hanan, ni Bahaushiya ce Kirista, a Wusasa aka haife ni. Da babanmu ya rasu, kuma rasu zan ce, maƙwabtanmu Musulmi ne suka taya haƙa kabari. Ba su shiga coci ba, ba wanda ya ce su shiga, sun tsaya a waje, da aka fito suka bi mu har maƙabarta. Haka mu ma muke zuwa zaman makokinsu, mu kai abinci. Hausa yarenmu ne mu duka, ba wanda ya raba mana kalmomi. Sannu da rashi, Yaya Sani.

Malam_Na_Zaure:
A yi a hankali. Abu Hanan ya kawo aya daidai a kan neman gafara, kuma Sani bai ce ya nema ba. Aya ta 84 kuwa a kan munafukai ta sauka, maganar yi musu salla da tsayawa yi musu addu'a. Raka gawa da rufe ta wani babi ne daban, kuma malamai sun yi saɓani a kai. Da Abu Ɗalib ya cika, Manzon Allah (SAW) Sayyidina Ali ya umarta ya je ya rufe shi. A Bukhari da Muslim akwai cewa an wuce da gawa Annabi ya miƙe, aka ce ta Bayahude ce, ya ce shin ba rai ba ce? Mu da muka tashi a kan Risala mun karanta cewa Musulmi ba ya wanke mahaifinsa da ba Musulmi ba, ba ya shigar da shi kabari, sai in yana tsoron zai tozarta, to sai ya rufe shi. Wannan shi ne ɓangaren da ya tsananta. Akwai kuma waɗanda suka sauƙaƙa ga dangi da maƙwabci matuƙar ba a shiga ibadarsu ba. A labarin Sani babu ma ibadar da za a shiga. Inna lillahi kuwa gaskiya ce a kan kowane mai rai, ba laifi a faɗe ta.

Abu_Hanan:
Malam, Abu Ɗalib uba ne ga Ali. Wannan maƙwabci ne, kuma ba tozarta zai yi ba, yana da 'ya da kamfanin jana'iza.

Malam_Na_Zaure:
Haka ne. Amma ka tuna da wasiyyar da Jibrilu ya yi ta yi a kan maƙwabci har Annabi ya zaci zai sa shi cikin magada, kuma ba a ce maƙwabci Musulmi kaɗai ba. Ban ce maka mas'alar ba saɓani ba. Cewa na yi kada a ɗora wa mutumin da ke cikin jimami nauyin da ba a tabbatar ba.

Injiniya_Hull:
Bari in amsa wa Dan Dala, don na taɓa bin diddigin abin lokacin da wata abokiyar aikina ta zaɓi irin wannan wa mahaifiyarta. Ba yanzu suka gano ba, mantawa suka yi suka dawo. Kakanninsu ma a likkafani ake binne talakansu ƙarnuka da suka wuce. Wannan sabon salon na binnewa a kurmi a Carlisle aka fara shi a 1993, wani jami'in maƙabartar garin mai suna Ken West ne ya ware wani sashe ya ce a shuka bishiya maimakon dutse. Yanzu irin filayen nan sun haura 200 a Birtaniya. Dalilinsu ba addini ba ne, muhalli ne. Kusan mutum 8 cikin 10 a ƙasar nan ƙona su ake, kuma ƙonawa na cin gas mai yawa. Wanda aka binne kuma galibi a akwatin katakon da aka manne da gam ne, da hannayen roba, da leda a ciki. Shi ya sa a waɗannan filaye sharaɗin shi ne komai ya zama mai ruɓewa: saƙar itace, kwali, ulu, auduga. Ba sa zurfafa ramin sosai, don a ƙasar sama ne ake da iska da ƙwayoyin da ke cinye jiki. Kuma a dokar Ingila ba dole sai da akwati ba, abin da ake buƙata a rufe gawar.

Dan_Dala:
Wato sai da suka yi bincike da digiri kafin su iso inda hankaka ya koya wa Ƙabila.

Hajiya_Turai:
Dan Dala ka daina dariya, mutum na cikin rashi.

Dan_Dala:
Tuba nake Hajiya. Sani ka yi haƙuri, ba da kai nake ba.

Sani_Leeds:
Ba komai, shi kansa marigayin da ya ji da ya yi dariya. Mun taɓa wannan hirar da shi ta kan shinge. Lokacin da aka binne Sarki Abdallah na Saudiyya a 2015 ya gani a talabijin, sarki guda a naɗe a ƙyalle, kabari ba suna. Ya ce min abin ya tsaya masa a rai. Ya yi ta tambayata yadda muke yi, na ba shi labarin makara da likkafani da yadda ake gama komai kafin la'asar. Ya ce ku kun huta. Ban san ya je ya sayi wuri ba sai da 'yar ta nuna min takardar.

Maman Ihsan, babban ya gane. Autar ce har yanzu take ƙwanƙwasa bango tana jira a amsa.

Maman_Ihsan:
Wayyo Allah.

Bello_Houston:
Ku a Ingila da sauƙi. Ku zo Amurka ku ga abu. A nan al'adar ita ce a zuƙe jinin mamaci a ɗura masa sinadari, a yi masa kwalliya, a sa masa kwat, a kwantar da shi a akwatin ƙarfe mai katifa, mutane su zo su kalla. Sannan ba a ƙasa kai tsaye za a sa akwatin ba, a cikin wani akwatin kankare za a sa shi, saboda yawancin maƙabartu ba sa son ƙasa ta lotsa ta hana injin yankan ciyawa wucewa. Yaɗuwar allurar a nan daga yaƙin basasarsu ne na 1861 zuwa 1865, ana son a mayar da gawarwakin sojoji gida daga nesa. Da aka kashe Lincoln a 1865 aka zaga da gawarsa gari-gari a jirgin ƙasa, daga nan abin ya zama ado. Mu Musulmi a nan inda aka tilasta kankaren, dabarar da ake yi ita ce a sa marar gindi ko a kife shi, don jikin ya taɓa ƙasa. Su ma suna da irin filin da Sani ya faɗa, na farko a jihar Carolina ta Kudu aka buɗe a 1998. Har sun wuce nan, jihar Washington ta halatta mayar da gawa taki a 2019, a sa mutum cikin tulu da ciyawa da ɓawon itace, bayan 'yan makonni a ba dangi ƙasa su kai lambu.

Hajiya_Turai:
A'uzu billahi. Taki kuma? A shuka alayyafo da kaka?

Bello_Houston:
Bishiya dai suke cewa, Hajiya. Amma ni ma ban iya ba.

Umar_Hamburg:
Gyara kaɗan ga masu karatu, kada a haɗa su duka. A Jamus ma akwai dajin binnewa, amma toka ake binnewa a gindin bishiya, sai an ƙona mutum tukuna. Ba irin na maƙwabcin Sani ba ne. Kuma a nan an daɗe ana tilasta akwati, jiha-jiha aka riƙa sassautawa saboda Musulmi, Bavariya sai 2021 ta yarda da likkafani zalla. Wani abin da ke tayar wa mutanenmu hankali shi ne kabari haya ne, shekara 20 ko 25, in ba a sabunta ba a ba wani.

Issoufou_Damagaram:
Faransa har yau sai da akwati, ba zancen likkafani kaɗai, kuma ba a rufe mutum kafin awa 24. Shi ya sa 'yan'uwanmu da ke can suke da asusu, kowa na zubawa, in an yi rasuwa a maido gawa gida. Wan babana haka aka kawo shi ta Yamai, cikin akwati mai kwano a ciki an like shi. Daga filin jirgi zuwa Damagaram kusan kilomita 900 a mota. Da aka iso tsofaffi suka ce sai an fito da shi, wasu suka ce a bar shi yadda yake don ya kwana biyu. An yi gardama sosai a ƙofar gida, mata na jin komai daga ciki. Ni tun ranar na ce wa iyalina inda na faɗi a rufe ni a nan.

Zainab_Kumasi:
Mu a zango muna ganin gefe biyu kullum. Mu a rufe da rana ɗaya, maƙwabtanmu kuwa gawa kan yi wata da watanni a firjin asibiti ana jiran dangi su haɗu, a gyara gida, a buga fosta, a ɗinka anko. A wajen Accra akwai masu sassaƙa akwati siffar kifi ko mota ko jirgi, gwargwadon sana'ar mamacin. Da ina yarinya dariya nake, yanzu na gane su ma girmamawa ce a wurinsu, sai dai bashin da ake ci ba kaɗan ba. Kuma suna zuwa namu muna zuwa nasu, ba wanda ya taɓa tambayar fatawa. Kakata takan ɗaura baƙin zane ta je ta zauna da su, in lokacin salla ya yi ta tashi ta yi abinta.

Abu_Hanan:
Yawan masu yin abu ba hujja ba ne, 'yar'uwa.

Zainab_Kumasi:
Ban ce hujja ba ce Malam, labari na bayar.

Jikan_Mai_Haƙa:
Ina ta karantawa ina jin ana yabon namu kamar ba shi da matsala. Ni kakana da babana aikin maƙabarta suka yi, ni ma na yi kafin in koma tuƙi. Bari in faɗa wa waɗanda iyakarsu bakin kabari. Ana haƙa uwar kabari mai faɗi, sannan a tsakiya a haƙa 'yar, daidai kwanciyar mutum a gefensa na dama yana fuskantar gabas. In an sa shi sai a jera itace a kan bakin 'yar, wasu wuraren fasassun tukwane, a toshe ƙofofin da ganye ko ciyawa, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura busasshiya. Duk abin da na lissafa ƙasa na cinye shi, wannan gaskiya ne. Amma itacen nan daga ina? Kowane kabari sai an sare masa reshe. Maƙabartar da na yi aiki duk darbejiyar da ke ciki an yi mata aski, har ta kai sai an sayo daga waje. Su Turawan nan kowane mamaci bishiya yake ƙarawa, mu kowane mamaci bishiya yake ragewa.

Na biyu, likkafani. Da alawayyo ne na auduga. Yanzu yadin da ake sayarwa da yawa roba ce a ciki. Na sha haƙa wuri in tarar ƙashi ya zama gari amma yadin na nan kamar jiya aka sa. Wannan da idona na gani, ba labari ba. Ga ledar da asibiti ke naɗo mutum a ciki, wasu ba sa cirewa.

Injiniya_Hull:
Wannan batu na yadin ya girgiza ni. Ban taɓa tunaninsa ba. A filayen da muke magana ba za su karɓi irin wannan yadin ba sam.

Malam_Na_Zaure:
Annabi (SAW) a tufafi uku farare na auduga aka yi masa likkafani. Jikan Mai Haƙa ya yi mana wa'azin da ya fi nawa. Masu sayen likkafani su ajiye, su riƙa dubawa.

Na_Sakkwato:
Wanga zance na itace gaskiya na. Mu nan wurinmu tukwane munka fi sani tun da, amma yanzu masu ginin tukwanen ma sun rage. Kuma ku ƙara da shanu da awaki da ka shiga maƙabarta don ba katanga, da masu gini da ka cin gefenta kaɗan-kaɗan. Kabarin kakata yanzu ban iya nuna shi, hanya ta bi ta kai.

Hajiya_Turai:
To ai shi ne abin da ban gane ba a na Turawan. In ba dutse ba suna, yaya 'yar za ta gane inda ubanta yake bayan shekara goma? Mu ko ba komai akan kafa ɗan allo ko a dasa wani abu.

Sani_Leeds:
Hajiya, suna da taswira, kowane kabari an auna shi an rubuta a rajista. Kuma an yarda a sa ɗan katako ƙarami a kwance, wanda shi ma zai ruɓe. Matar da ke kula da wurin ta ce da gangan ne, so ake bayan shekaru wurin ya zama daji kawai, mai zuwa ziyara ya ziyarci dajin duka. Ni kuma da na tuna, rabona da gane ainihin kabarin mahaifina tun shekara ta uku. Allon ya faɗi, an yi wasu a kewaye. In na je gida tsayawa nake daga inda nake zato in yi sallama ga kowa.

Abu_Hanan:
A wannan kam ba ni da ja. Hadisin Jabir a Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa. Alama da dutse ɗaya ta halatta, Annabi ya sa wa Usman bin Maz'un. Wanda ya je Baƙi'a ya gani, ba suna ko ɗaya. Abin takaici mu ne yanzu muka fara zuba siminti da tayil a kan kabarin masu kuɗi.

Dan_Dala:
Yau ga Abu Hanan da Baban Lambu a sahu ɗaya.

Abu_Hanan:
A kan siminti kawai.

Rabi_Nas:
Ni abin da ya tsaya min shi ne kwana 16. Ina aikin jinya a Landan, na ga yadda jiran nan ke cin mutane. Mu a gida kafin ka gama gane abin da ya same ka an riga an dawo daga maƙabarta, gida ya cika, ana ta shigowa har kwana uku, ga sadakar bakwai ga ta arba'in ga masu yi. Su kuwa mako biyu ko uku mutum na zaune shi kaɗai da waya da takardu, ranar binnewa a sha shayi awa biyu kowa ya watse. Amma kuma in faɗi gaskiya, saurin namu ma na da ciwo. Mahaifiyata ta rasu da asuba ina bakin aiki a nan, kafin in samu tikiti an rufe ta. Ban ga fuskarta ba. Kuma ko ina gari ba za a bar ni in bi makara ba tunda mace ce ni. Da na karanta cewa 'yar mutumin nan ta tsaya a bakin ramin ta zuba ƙasa da hannunta, sai na ji wani abu a maƙogwarona. Ban ce a canza komai ba, abin da na ji na faɗa.

Maman_Ihsan:
Allah ya jiƙan Mama, Rabi. Ba ke kaɗai ba ce. Ni ma daga bakin zaure na yi sallama da mijina na fari.

Talatu_Wusasa:
Allah ya ba ku haƙuri dukanku.

Injiniya_Hull:
Rabi, ga Musulmin Landan ai akwai sauƙi yanzu, maƙabartar Gardens of Peace da ke Hainault tun 2002 suke binnewa da likkafani ba akwati, kaburbura duk iri ɗaya. In takardu sun fito da wuri ana iya rufe mutum washegari. Matsalar in mutuwar ta faɗa hannun mai binciken musabbabi ne, kamar ta maƙwabcin Sani da aka tarar a gida, dole a jira.

Bello_Houston:
Tambaya: Musulmi zai iya sayen wuri a irin dajin nan? Tunda tsarin ya fi kusa da namu a kan maƙabartar kankare.

Malam_Na_Zaure:
Asali Musulmi a cikin Musulmi ake rufe shi, kuma a fuskantar da shi alƙibla. In an ware sashe, an kiyaye alƙibla, ban ga abin da ya rage ba. In ba a ware ba kuma akwai maƙabartar Musulmi a kusa, can ya kamata. Bishiya a kan kabari kuma ban san nassin da ya hana ba, sai dai a kula da saiwa kada ta shiga inda mamaci yake.

Jikan_Mai_Haƙa:
Saiwa kam tana shiga, Malam. Ba ta neman izini.

Sani_Leeds:
Na gode muku duka, har da Abu Hanan, na san don Allah ka faɗa. Ban nema masa gafara ba, na bar lamarinsa ga wanda ya halicce shi, shi ya san abin da ke tsakaninsu. Amma in na ce muku na yi nadamar kama igiyar nan na yi ƙarya. Mutum shida ake nema, danginsa maza uku ne suka zo.

Jiya 'yar ta zo kwashe kaya. Na miƙa mata makulli ta ce in riƙe sai an sayar da gidan. Ta ba matata gwangwanin da yake ajiye iri, kowane a ƙunshe a takarda da rubutun hannunsa, har da na kuɓewar, ya rubuta sunan a Hausa yadda ya ji muna faɗa, ya sa harafi ɗaya ba daidai ba. Ta ce a watan Nuwamba ake dasa bishiyoyin, don a nan sai sanyi ya shigo ake dashe, kuma tana so yarana su zo su riƙe shebur. An ba ta zaɓi cikin itatuwan ƙasar, ta rage biyu, tuffar daji ko ceri, ta ce mu zaɓa.

Dan_Dala:
Da magarya za ta yi a can da na ce magarya.

Injiniya_Hull:
Ba za ta kai Janairu ba. Ku ɗauki tuffar, tsuntsaye na son ta.

Hajiya_Turai:
A bar autar ta zaɓa.

Abu_Hanan:
Sani, filin nasa na noma fa, wa zai karɓa? Kada tumatirin ya bushe.

Sani_Leeds:
Hukuma za ta ba na gaba a layi, akwai masu jira shekara da shekaru. Amma sun ce sai ƙarshen kaka. Ni nake zuwa ban ruwa kafin nan.